Ƙasashe 14 sun shiga yaƙin basasar Rasha, me ya hana su kayar da Lenin?

Tambaya: Malam, na karanta cewa bayan juyin juya halin Rasha na 1917 ƙasashe 14, ciki har da Birtaniya da Faransa da Amurka da Japan, sun tura sojoji don su murƙushe gwamnatin Lenin. In haka ne, yaya aka yi waɗanda suka ci Jamus da yaƙi suka kasa kayar da gwamnatin da ko shekara ba ta cika ba?

Amsa: Ɗan'uwa, adadin da ka karanta ba ƙarya ba ne. In ka ƙirga duk ƙasar da ta taɓa sauke ko da 'yan tsirarun sojoji a Rasha tsakanin 1918 da 1922, za ka kai wajen 14. Inda labarin ya karkace shi ne a ce sun zauna sun yi shawara sun ɗaura ɗamara ɗaya. Ba lokaci ɗaya suka je ba, ba kuma abu ɗaya ya kai su ba, wasu ma gadin juna suka je yi. A ganina abin da suka kai ya isa ya tsawaita yaƙin, ya kuma shafa wa abokansu na cikin gida kashin kaji, amma bai kai na cin nasara ba. Kuma asarar da ta fi girma a wajen shawara aka tafka ta, ba a fagen daga ba.

Sai mun koma baya kaɗan kafin maganar ta fito. A watan Maris na 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Sarki Nicholas na II ya sauka daga mulki, gwamnatin riƙon ƙwarya ta hau. Landan da Paris ba su damu da wa ke kan kujera a Petrograd, babban birnin Rasha a lokacin, ba, abin da ya dame su kada Rasha ta fita daga yaƙin, domin duk sojan Jamus da ke tsare a gabas soja ne da ba ya harbin Bafaranshe a yamma. Amurka ce babbar ƙasa ta farko da ta amince da sabuwar gwamnatin, ta kuma aika tawaga ƙarƙashin Elihu Root da alkawarin rance, amma rancen a ɗaure yake da ci gaba da yaƙi. Talakan Rasha kuwa ya gaji liƙis. Da ministan harkokin waje Milyukov ya rubuta wa ƙasashen ƙawance cewa Rasha na nan a kan alkawarinta har a ci nasara, zanga-zanga ce ta ɓarke, kujerarsa ta tafi. Duk da haka aka matsa wa ministan yaƙi Kerensky lamba ya kai farmaki a watan Yuli, farmakin ya watse cikin 'yan makonni, sojoji suka riƙa guduwa ƙauyukansu da bindigoginsu. Wato tun kafin Lenin ya hau mulki, abokan Rasha sun riga sun tura gwamnatin da suke so ta ɗore cikin wutar da ta cinye ta. Ita kuwa Jamus nata lissafin ya fi sauƙi, a watan Afrilu ta bar Lenin ya ratsa ƙasarta cikin jirgin ƙasa daga Suwizalan ya koma gida, da fatan ya rikita Rasha. Ya kuwa rikita ta.

'Yan Bolshebik, wato jam'iyyar Lenin, sun ƙwace mulki ranar 7 ga Nuwamba 1917. Washegari suka yi kira ga duk masu yaƙi a zauna a yi sulhu, babu wanda ya amsa sai Jamus da ƙawayenta. Trotsky, wanda aka ba harkokin waje, ya buɗe akwatunan ma'aikatar ya bai wa jaridu yarjejeniyoyin asirin da sarki ya ƙulla da Turawan yamma. A cikinsu ne duniya ta fara ganin yarjejeniyar Sykes da Picot, wadda Ingila da Faransa suka raba ƙasashen Larabawa a tsakaninsu tun kafin Daular Usmaniyya ta faɗi, alhali suna yi wa Sharif Husaini na Makka wani alkawarin dabam. A watan Fabrairu na 1918 kuma sabuwar gwamnatin ta ce ba za ta biya ko kwabo daga basussukan sarki ba. Faransawa sama da miliyan ɗaya, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi, sun zuba ajiyarsu cikin takardun bashin Rasha. Ka riƙe maganar bashin nan, ita ce za ta bayyana maka taurin kan Faransa nan gaba.

Katsalandan mafi girma a wannan zamani na Jamus ne, kuma shi aka fi mantawa da shi. A garin Brest-Litovsk aka zauna shawara tun daga Disambar 1917. Trotsky ya yi ta jan magana yana jiran ma'aikatan Jamus su yi bore. Da aka ƙure shi, ranar 10 ga Fabrairu ya tashi ya ce Rasha ta daina yaƙi amma ba za ta sa hannu ba, ya tattara mutanensa ya fice. Ranar 18 ga wata Jamusawa suka danna. Babu mai tare su, sai su ɗora 'yan sojoji da bindiga mai jigida a jirgin ƙasa, su kama wannan tasha su wuce ta gaba. Lenin ya ga gaba kura baya sayaki, ya ce wa abokansa ko a sa hannu ko ya ajiye aiki. Ranar 3 ga Maris aka sa hannu. Rasha ta rasa Yukren da Folan da Finlan da ƙasashen bakin tekun Baltik, wajen kashi ɗaya cikin uku na jama'arta da mafi yawan ma'adinan kwal ɗinta, aka kuma miƙa wa Turkiyya Kars da Ardahan da Batum. Jamus ta ɗora nata mutumin, Skoropadsky, a Kiev, ta ba Janar Krasnov makamai a yankin kogin Don, ta sauke sojoji a Finlan. Ranar 21 ga Maris kuma, da rundunonin da ta kwaso daga gabas, ta kai wa Ingila da Faransa farmakin da ya kusa karya su. Duk abin da ƙasashen ƙawance suka yi a Rasha a 1918, a cikin wannan firgici suka yi shi.

Ka duba yadda diflomasiyyarsu ta kasance a lokacin. Ba su amince da gwamnatin Lenin ba, ba su kuma yanke hulɗa da ita ba. Jakadunsu suka bar Petrograd suka tare a wani gari mai suna Vologda, nesa da Mosko inda gwamnati ta koma. Ainihin maganar kuwa 'yan aike ne ke yin ta: Bruce Lockhart na Ingila, matashi ɗan shekara talatin da 'yan kai, da Raymond Robins na ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka, da wani hafsan Faransa Jacques Sadoul. Su ukun suna shiga ofishin Trotsky suna fita, suna rubuta wa gida cewa a taimaki 'yan Bolshebik su sake juyawa kan Jamus. Lenin da kansa ya rubuta wa kwamitin jam'iyyarsa cewa ya yarda a karɓi dankali da makamai daga hannun 'yan fashin Ingila da Faransa. Sojojin ruwan Ingila na farko da suka sauka a Murmansk cikin Maris na 1918 da yardar majalisar garin suka sauka, bayan Trotsky ya buga mata waya ta karɓi taimako. Amma tun ranar 23 ga Disamba 1917 Ingila da Faransa sun riga sun raba kudancin Rasha a takarda, Faransa ta ɗauki Yukren da Kirimiya, Ingila ta ɗauki Kaukasus da yankunan Kosak, ana kuma aika wa janar-janar masu shirin tawaye kuɗi. Tufka da warwara kenan, kuma ba wayo ba ne ya kawo ta, ma'aikatu ne dabam-dabam kowacce da nata ra'ayin, babu mai tsawatarwa.

Abin da ya mayar da rikicin cikakken yaƙin basasa babu wanda ya shirya shi. Akwai wata runduna ta 'yan Cek da Sulobak, mutum dubu 40 zuwa 50, yawancinsu fursunonin yaƙi ne da suka juya wa Austiriya baya don neman 'yancin ƙasarsu. An yarda su bi layin dogon Saiberiya har Vladivostok, su hau jirgin ruwa su zagaya zuwa Faransa. Ranar 14 ga Mayu 1918 a tashar Chelyabinsk jirginsu ya tsaya kusa da wani jirgin da ke mayar da fursunoni 'yan Hangari gida. Wani ɗan Hangari ya wurgo guntun ƙarfe ya ji wa wani ɗan Cek rauni, 'yan'uwansa suka fizgo mutumin suka kashe. Hukumar garin ta kama wasunsu, sauran suka shiga gari da makamai suka fito da su. Trotsky ya fusata ya ba da umarni a harbe duk ɗan Cek da aka gani da bindiga a kan layin, alhali ba shi da sojan da zai zartar da wannan umarni. Cikin wata uku layin dogo daga kogin Volga har tekun Fasifik ya koma hannun 'yan Cek, gwamnatocin adawa suka tsiro a bayansu, zinariyar baitulmalin sarki da ke ajiye a Kazan ta faɗa hannun 'yan adawa. Suna dab da shiga Yekaterinburg ne 'yan Bolshebik suka harbe sarki da matarsa da 'ya'yansa biyar ranar 17 ga Yuli. Shi kuwa ɗan'uwansa Sarki George na V na Ingila, tun bara ya sa an janye tayin ba shi mafaka don tsoron abin da ma'aikatan ƙasarsa za su ce.

'Yan Cek ne suka ba Shugaba Wilson na Amurka hujjar da ya daɗe yana ƙin karɓa. Da hannunsa ya buga takardar umarni a tafireta, ya ce a taimaki 'yan Cek, a tsare rumbunan kayan yaƙi, amma kada a tsoma baki cikin siyasar Rasha. Yadda soja zai tsaya da bindiga a tsakiyar yaƙin basasa bai tsoma baki ba, takardar ba ta faɗa ba. Sakataren yaƙi Newton Baker ya miƙa wa Janar William Graves ita a tashar jirgin ƙasa ta Kansas City, ya ce masa ya taka a hankali, kan ƙwai zai bi masu cike da nakiya. An shirya Amurka da Japan kowacce ta kai wajen soja dubu 7. Amurka ta kai kusan dubu 8, Japan ta kai wajen dubu 70. Ita Japan ba Jamus ce a gabanta ba, ba kuma Lenin ba, gabashin Saiberiya da Mancuriya take hange. Don haka ba ta son a sami gwamnati mai ƙarfi a can ko ta waye, sai ta riƙa ciyar da shugabannin 'yan bindiga irin su Semyonov a Chita da Kalmykov a Khabarovsk, masu tare jiragen kayan da ake aika wa 'yan adawa suna kwashewa, suna ƙona ƙauyuka. Graves ya fi ɓata lokacinsa wajen rigima da waɗannan da iyayen gidansu fiye da 'yan Bolshebik. A arewa kuma aka sauka Arkhangelsk ranar 2 ga Agusta, Amurkawa wajen dubu 5 suka biyo baya a Satumba, aka tarar kayan da aka zo tsarewa an riga an kwashe mafi yawansu zuwa cikin ƙasa.

A Mosko, Lockhart ya sauya ra'ayi ya shiga ƙulle-ƙulle. Shi da ɗan leƙen asirin nan Sidney Reilly suka ba wani kwamandan sojojin Latbiya masu gadin fadar Kremlin kuɗi masu yawa don ya juya. Ashe mutumin duk abin da ya karɓa wa 'yan sandan ciki na Cheka yake kai wa. Ranar 30 ga Agusta wata mata, Fanny Kaplan, ta harbi Lenin ta ji masa rauni. Washegari aka kutsa ofishin jakadancin Ingila a Petrograd, aka kashe Kyaftin Cromie a kan matakala. Aka kama Lockhart, daga baya aka yi musayarsa da Litvinov, wakilin 'yan Bolshebik da Ingila ta tsare a Landan. Babu wata hujja da ta tabbatar da hannun Turawa a harbin Lenin, amma gwamnati ta haɗa abubuwan biyu wuri ɗaya, ta buɗe kamen da kisan gillar da ya ci dubban mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Daga nan sai yaƙin duniya ya ƙare ranar 11 ga Nuwamba 1918, dalilin zuwan ya ɓace. A ranar da ake rawa a titunan Landan da New York, sojojin Amurka da Ingila da Kanada suna ba-ta-kashi cikin dusar ƙanƙara a wani ƙauye mai suna Tulgas. Me za ka gaya wa sojan da ya tsira daga shekara huɗu na ramukan Faransa, ka ce ya je ya mutu don wani janar ɗin Rasha da bai taɓa jin sunansa ba? Faransa ta gwada. A Disamba ta sauke sojoji a Odesa, tare da Girkawa da sojojin mulkin mallaka, ciki har da na Afirka ta Yamma, waɗanda ake yi wa kuɗin goro da sunan 'yan Senegal ko daga ina aka ɗebo su. Wasu rukunonin Faransawa suka ƙi yaƙi ƙiri-ƙiri. Farkon Afrilu na 1919 aka bar Odesa a gurguje, bayan mako biyu ma'aikatan manyan jiragen yaƙin Faransa a Sebastopol suka yi bore suka ɗaga jar tuta, suna cewa a mayar da su gida. Daga nan firaministan Faransa Clemenceau bai ƙara maganar tura soja ba, ya koma maganar killace Rasha da ƙananan ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. A Landan Churchill, ministan yaƙi, shi ne mai zafi, yana so a gama da 'yan Bolshebik tun ba su yi ƙarfi ba. Firaminista Lloyd George kuwa ya gaya wa majalisa cewa gara ya bar Rasha a hannunsu da ya ga Birtaniya ta tsiyace. Aka tsaya a tsakiya, a ba da makamai da kuɗi da masu ba da shawara, kada a ba da jini.

Nan ne nake ganin an zubar da damar da ba ta dawo ba. A Janairun 1919 taron sulhu na Paris ya gayyaci duk ɓangarorin Rasha su tsagaita wuta su haɗu a tsibirin Prinkipo kusa da Istanbul. Da yake ba a amince da gwamnatin Mosko ba, ba a iya rubuta mata wasiƙa, sai aka watsa gayyatar ta rediyo. Chicherin, wanda ya gaji Trotsky a harkokin waje, ya amsa cewa za su zo, har ya yi tayin magana a kan bashi. 'Yan adawa, waɗanda ake kira Farare, suka ce ba za su zauna da masu kisan kai ba, jami'an Faransa kuma suna raɗa musu cewa su ƙi, taimako ba zai yanke ba. Taron ya mutu tun bai fara ba.

Sai aka aika wani matashin jami'in Amurka, William Bullitt, ɗan shekara 28, a asirce, da sanin Lloyd George da na hannun daman Wilson, Kanar House. A tsakiyar Maris ya dawo daga Mosko da takarda. Lenin ya yarda a tsagaita wuta kowa ya tsaya inda yake, kowace gwamnati ta riƙe ƙasar da ke hannunta, a yi afuwa ga kowa, a janye sojojin waje da takunkumi, gwamnatocin da suka fito daga tsohuwar daular kuma su ɗauki nauyin bashin. A taswirar wannan lokaci, ma'anar haka ita ce 'yan Bolshebik su haƙura da Saiberiya da Kaukasus da arewa mai nisa da bakin Baltik da wani yanki na kudu. An ba da wa'adi zuwa 10 ga Afrilu. Wilson ya ce kansa na ciwo, bai ga Bullitt ba. Lloyd George ya karya kumallo da shi, ya ɗaga jaridar Daily Mail ya nuna masa, ya ce muddin jaridu na rubuta irin wannan ba shi da ikon yin abin hankali a kan Rasha. Mako kaɗan bayan haka ya tsaya gaban majalisa ya yi kamar bai san da wata tafiya ba. Abu biyu ne suka kashe tayin: 'yan gurguzu sun ƙwace mulki a Hangari ranar 21 ga Maris, kowa ya tsorata, sannan Admiral Kolchak, jagoran Farare a Saiberiya, ya kama Ufa yana dannowa yamma, aka ga kamar nasara ta kusa, to me za a yi da sulhu? Ba na cewa Lenin zai cika alkawarin har abada, mutumin da ya yaga yarjejeniyar Brest-Litovsk kwana biyu bayan faɗuwar Jamus ba wanda za a ba amana ido rufe ba ne. Amma gwadawa ba za ta ci ko sisi ba, kuma a shekaru biyun da suka biyo baya miliyoyi ne suka mutu, aka kuma ƙare da sharuɗɗan da ba su kai rabin waɗancan ba.

Su kansu Fararen, diflomasiyyarsu ce ta fi kashe su. Takensu shi ne Rasha ɗaya ce ba ta rabuwa, alhali duk sansanoninsu a gefen ƙasa suke, cikin al'ummomin da ke son ɓallewa. A tsakiyar 1919 Mannerheim, shugaban riƙon Finlan, ya nuna zai iya kai wa Petrograd hari, iyakarsa wajen kilomita 30 ce daga birnin, in za a amince da 'yancin ƙasarsa. Kolchak ya ce wannan sai majalisar da za a zaɓa bayan yaƙi. A Oktoba Janar Denikin ya kai Orel, ƙasa da kilomita 400 daga Mosko. Pilsudski, shugaban Folan, yana da rundunar da in ta motsa a wannan mako da labari ya sha bamban, amma ya naɗe hannu, har yana magana da wakilin Lenin a ɓoye, domin ya lissafa cewa Rasha ta janar-janar ba za ta taɓa barin masa iyakar da yake so ba. A Estoniya abin har da ban dariya. Wani janar ɗin Ingila, Marsh, ya tara 'yan siyasar Rasha a ɗaki ɗaya a Tallinn, ya miƙa musu jerin sunayen ministoci, ya ba su ƙasa da awa ɗaya su kafa gwamnati su amince da 'yancin Estoniya, in ba haka ba taimako ya yanke. Sun kafa. Amma wa zai ɗauki irin wannan gwamnati da muhimmanci? Janar Yudenich na Farare ya kai har unguwannin bayan Petrograd aka koro shi, Estoniyawa suka ƙwace makaman sojojinsa, a Fabrairun 1920 suka yi sulhu da Mosko a Tartu. Lenin yana ba da takardar 'yanci ga duk wanda ya nema, ko da a ransa yana da niyyar karɓewa in ya sami hali, kamar yadda ya yi wa Jojiya a 1921.

Makamai kam an kai. Ingila kaɗai ta kashe wajen fam miliyan 100, bindigogi dubu ɗaruruwa, igwa, tankoki, jiragen sama, kaki da takalma. Sai dai kaya na sauka a Novorossiysk, wasu su ruɓe a bakin tasha, wasu su ɓulla a kasuwa, wasu kuma Jajaye, wato sojojin 'yan Bolshebik, su ƙwace a fagen daga su sa a jikinsu. Ribar da Mosko ta ci ta farfaganda ta fi makaman tsada. Akwai wani hoton bango na 1919 da ya zana Kolchak da Denikin da Yudenich a matsayin karnuka uku, igiyoyinsu a hannun Amurka da Ingila da Faransa. 'Yan Bolshebik, waɗanda bara ake zagi da 'yan koren Jamus, sai ga su sun zama masu kare ƙasa daga baƙi. Dubban hafsoshin tsohon sarki suka yi aiki a Jar Runduna, wasu dole, wasu don kishin ƙasa, har Janar Brusilov ya fito ya yi kira gare su lokacin da Folan ta kama Kiev a 1920. Ka haɗa da cewa tsakiyar ƙasa a hannun Lenin take, da mahaɗar layukan dogo a Mosko, da masana'antun bindiga na Tula, da mafi yawan jama'a. Manomi kuma, duk da ƙin jinin masu ƙwace masa hatsi, ya fi tsoron Farare su dawo da masu gonakin da ya rabe. Wannan babu jirgin ruwan Ingila da zai gyara shi.

Janyewar ta zo da muni. Ingila ta bar Arkhangelsk da Murmansk a Satumba da Oktoban 1919. Kolchak ya gudu daga Omsk cikin jirgin ƙasa tare da zinariyar, a ƙarƙashin kariyar 'yan Cek da tutocin ƙasashen ƙawance. A Irkutsk, cikin Janairun 1920, 'yan Cek ɗin da yardar Janar Janin na Faransa suka miƙa shi ga sabbin hukumomin garin don a buɗe musu hanya zuwa teku. Ranar 7 ga Fabrairu aka harbe shi, aka tura gawarsa cikin kogi ta ramin ƙanƙara. A watan Janairun nan ne aka ɗage takunkumin kasuwanci. Amurkawa suka bar Vladivostok a Afrilu. A Mayu 'yan dakon tashar jiragen ruwa ta Landan suka ƙi loda makaman da za a kai Folan. Faransa kaɗai ta amince da gwamnatin Janar Wrangel a Kirimiya cikin Agusta, zuwa Nuwamba ya kwashe mutum kusan dubu 150 a jiragen ruwa zuwa Istanbul. Japan ce ta yi ta jan ƙafa har Oktoban 1922, arewacin tsibirin Sakhalin kuwa sai 1925.

Kada kuma ka ɗauka Mosko zaune take ana yi mata. Ita ma shisshigin take yi wa wasu. A Satumban 1920 ta tara wakilan ƙasashen gabas a Baku, Zinoviev, ɗaya daga cikin manyan 'yan Bolshebik, ya yi kira ga Musulmi su yi jihadi a kan mulkin mallakar Ingila, a daidai lokacin da Jar Runduna ta gama rushe masarautar Bukhara. Ta aika wa Mustafa Kemal zinariya da makamai, ta ƙulla yarjejeniya da Iran da Afganistan da Turkiyya a farkon 1921. Wannan matsin lamba a ƙofar Indiya na cikin abin da ya sa Ingila ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki ranar 16 ga Maris 1921, da sharaɗin a daina zuga mata talakawan mulkin mallaka.

Mutanen da ƙasashen waje suka rasa ba su taka kara sun karya ba, Amurkawa 'yan ɗaruruwa ne. Na Rasha kuwa masana na ƙiyasta miliyan 7 zuwa 10, mafi yawansu yunwa da annoba ce ta kashe su, ba harsashi ba. Baƙin da suka fi taɓa rayuwar talakan Rasha ma ba da bindiga suka zo ba, hukumar agajin Amurka ce ta Herbert Hoover, wadda a tsakiyar 1922 take ciyar da mutum wajen miliyan 10 kullum a lokacin yunwar Volga.

A taron Genoa na 1922 aka sake tayar da maganar bashi. Turawan yamma suka nemi wajen rubul biliyan 18 na zinariya. Chicherin ya zaro tasa takardar, ya ce ɓarnar da katsalandan da takunkumi suka yi wa ƙasarsa ta kai biliyan 39, a fara biyan wannan. Ana cikin wannan ja-in-ja ya zame zuwa Rapallo, ranar 16 ga Afrilu ya sa hannu da Jamus, suka yafe wa juna bashi suka mayar da jakadu. Ingila da Faransa suka amince da gwamnatin Sobiyet a 1924, Amurka sai 1933, kuma jakadanta na farko a Mosko shi ne Bullitt ɗin nan da aka ƙi saurara. Jikokin Faransawan da suka sayi takardun bashin sarki kuwa sai a 1997 aka kammala yarjejeniyar biyansu, Rasha ta ba da dala miliyan 400, abin da bai kai ko kusa da abin da kakanninsu suka zuba ba.